Taurari Da Maƙera: Darasin Kimiyya Ga Yaran Gaya Da Ajingi

A cikin littattafan kimiyya na makarantun firamare da ƙananan sakandare akwai darussa biyu waɗanda kusan kowane ɗalibi ya taɓa haddacewa, watau sunayen duniyoyin da ke kewaya rana, da kuma sunayen mashahuran mutanen da suka ƙago na'urori. Yaro zai jero su tiryan-tiryan ranar jarrabawa ya ci maki, amma in dare ya yi aka ce ya ɗaga kai ya nuna ko da guda ɗaya daga cikin duniyoyin nan, sai ya yi zuru. Haka kuma yakan tashi da zaton ƙirƙira baiwa ce da aka keɓe wa mutanen wasu ƙasashe. Wannan hasara ce babba, balle ga yaran ƙasar Gaya da Ajingi, domin su kam kayan darussan nan biyu suna ƙofar gidansu. Sararin sama na bisa kansu, ƙira kuwa gadonsu ce.

Abin Da Ido Ke Gani

A ƙauyuka irin su Kademi da Shagogo ta wajen Gaya, ko Toranke da Balare ta wajen Ajingi, inda hasken lantarki bai dushe dare ba kamar yadda ya yi a birnin Kano, mutum na iya ganin duniyoyi biyar da ƙwayar idonsa, ba tare da wata na'ura ba. Lokacin da ya fi dacewa da kallonsu shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kuma kafin hazon hunturu ya sauko. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin waɗannan biyar da sunayensu na Larabci: Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. Su ne littattafan boko ke kira Makyuri, Binas, Mas, Jufita da Satun.

Abu na farko da ya kamata yaro ya gane shi ne bambancin tauraro da duniya. Tauraro wuta ce mai ci da kanta, kamar ranarmu, wadda ita ma tauraruwa ce, kusancinta ne ya sa muke ganin girmanta. Duniya kuwa ba ta da hasken kanta, na rana take ara, kamar yadda wata ke yi. Tauraro yakan yi ƙyafta-ƙyafta, hasken duniya kuwa yakan tsaya cik. Ban da haka, taurari ba sa sauya zamansu da juna. Kaza da 'ya'yanta, waɗanda malamai ke kira Surayya, yadda kakanninmu suka gan su a cure haka muke ganinsu yau. Amma duniyoyi in aka bi su mako bayan mako za a ga suna ratsawa ta tsakanin taurari.

Wadda ta fi kowace haske ita ce Zuhura, kuma Hausawa sun ba ta suna har biyu. In ta fito yamma da almuru kusa da jinjirin wata sai a ce Zara matar wata. In kuwa ta fito gabas da asuba sai a ce Gamzaki. To, Zara da Gamzaki duk abu ɗaya ne. Falakinta yana tsakaninmu da rana, shi ya sa ba ta yin nisa da ita, wani lokaci ta biyo bayanta, wani lokaci ta riga ta fitowa. Girmanta ya kusa na duniyarmu, tana kewaya rana cikin kwana 225, kuma ita ce mafi zafi, domin iska mai kauri ta lulluɓe ta har zafinta ya zarce digiri 460 a ma'aunin santigiret.

Takwas Ne, Ba Tara Ba

In aka faro daga rana, Uɗaridu ce ta farko kuma ƙaramarsu, shekararta kwana 88 ce kacal. Sai Zuhura, sai duniyarmu, wadda ke da nisan kilomita miliyan 150 daga rana, watau mil miliyan 93, har hasken rana yakan yi minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mu. Ta huɗu ita ce Mirrihu, mai shekarar kwana 687. Jan da ake gani a jikinta tsatsar ƙarfe ce a cikin ƙasarta, irin abin da ya rina jar ƙasa da marmara a nan wajenmu. Waɗannan huɗu su ne na dutse.

Sauran huɗun manya ne ƙwarai, kuma ba su da doron ƙasa da za a taka. Mushtari ita ce babbar yaya, cikinta zai ɗauke duniya irin tamu kimanin 1,300, kuma tana shekara kusan 12 kafin ta kewayo. Zuhalu, mai zobba na ƙanƙara da duwatsu, takan yi shekara 29 da rabi. Biyun ƙarshe sai da madubin hangen nesa aka gano su. William Herschel, wanda asali makaɗi ne, shi ya gano Yuranos a Ingila a 1781. Naftun kuwa da alƙalami aka fara gano ta, domin wani masanin lissafi na Faransa, Le Verrier, shi ya lissafa inda take, aka duba daga Balin a 1846 aka same ta a wurin. Shekararta ɗaya daidai take da namu 165.

Iyaye da yawa sun koyi cewa duniyoyin tara ne, har da Fuluto wadda aka gano a 1930. Amma a watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro a birnin Farag, ta mai da Fuluto cikin rukunin ƙananan duniyoyi, bayan an gano wasu irinta a can bayan Naftun. Saboda haka malamin da ke aiki da tsohon littafi ya kamata ya gyara, kuma ya shaida wa yara dalilin gyaran, su san cewa ilmin kimiyya yakan sauya in sabuwar hujja ta bayyana.

Lambobin nan ba sa zama a kan yaro sai an sauko da su ƙasa, kuma filin makaranta ya isa. A ajiye ƙwallon ƙafa a ce ita ce rana. A auna mita 24 a ajiye ƙwayar gero, duniyarmu ke nan. A mita 123 a ajiye ɗan kanya a madadin Mushtari, sa'an nan a yi ta tafiya har mita 710 a ajiye ƙwayar gyaɗa, Naftun ke nan. A bisa wannan awo, tauraron da ya fi kusa da rana yana can nisan fiye da kilomita 6,000, watau kusan ninki biyu na tafiyar Kano zuwa Makka. Yaron da ya taka wannan awo da ƙafarsa ba zai manta ba, kuma zai ƙara sanin girman ikon Mahalicci.

Da irin wannan sani ne ake raba yaro da tsoro. Hausawa na cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, alhali kuwa curin ƙanƙara da ƙura ce mai bin falakinta. Edmond Halley ya lissafa tun 1705 cewa ɗaya daga cikinsu tana dawowa kusan kowace shekara 76. An gan ta a 1910 da 1986, ana kuma sa ran dawowarta a 2061, lokacin da 'yan firamaren yau za su zama magidanta. Haka husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya mai da hantsi kamar magariba a Katsina da Gusau da Maraɗi, an san ranarsa da sa'arsa shekaru da yawa kafin ya auku. Lissafi ne zalla, babu duba a ciki, dangin lissafin da malamanmu ke yi na manzilolin wata 28 don sanin shigar damina da fitarta.

Gadon Maƙeran Gaya

Mai karatu zai ce, ina ruwan taurari da maƙera? Ai ido bai kai ga mafi yawan abin da muka zayyana ba sai da hannu ya ƙera masa kayan aiki. Wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, Hans Lipperhey, shi ya fito da madubin hangen nesa a 1608. Galileo na Italiya ya ji labari ya ƙera nasa, ya kuma hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari a 1610. Tun kafin su da shekara ɗari shida, Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ya yi gwajinsa da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa, kuma wannan ita ce tushen kyamara.

A fagen aikin hannu kuwa Gaya ba baƙuwa ba ce. Tarihin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a Dutsen Dala ya zauna, kuma daga sunansa birnin ya samo suna. Zuriyar waɗannan maƙera su ake kira Abagayawa. Masu binciken kufai sun tabbatar ana narkar da ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Mutumin da ya kalli dutse ya gane akwai ƙarfe a ciki, ya gina murhu, ya haɗa gawayi da zugazugi har dutsen ya ba da fartanya da garma, ai ya yi abin da kowane mai ƙirƙira ke yi: lura, gwaji, da haƙurin sake gwaji.

In aka duba asalin mashahuran da ke cikin littafi, za a tarar da yawansu 'ya'yan masu sana'a ne. Michael Faraday ɗan maƙeri ne a Landan, bai yi zurfi a makaranta ba, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya riƙa karanta abin da aka ba shi ya ɗinke. A 1831 ya gano cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya sai lantarki ya gudana, kuma a kan wannan ne kowane janareta ke aiki har yau, tun daga na mai cajin waya a kasuwar Gaya har zuwa injunan madatsar Kainji. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, masu gyaran keke ne. Tashinsu na farko a 1903 daƙiƙa 12 ya yi, amma shekara 22 bayan haka, a Nuwamban 1925, sai ga jiragen sama sun sauka a Kano. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho ta 1876, malamin kurame ne. Thomas Edison kuwa, kafin ƙwan fitilarsa na 1879 ya kama, sai da shi da ma'aikatansa suka gwada abubuwa barkatai suna ƙonewa.

Tukunya Cikin Tukunya

Kada wani ya ce duk wannan labarin nesa ne ko na zamanin da. A Dutse, maƙwabciyar Gaya ta gabas, marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa kuma jikan magina tukwane, ya lura da yadda kayan lambu ke ruɓewa a hannun manoma don rashin abin sanyaya su. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bin iska, sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa, yalo da kan lalace cikin kwana uku ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma suka kai mako uku. Ya sa magina suka yi dubban tukwanen aka raba a ƙauyuka, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, dabarar kuma ta bazu har Sudan da wasu ƙasashe. Kowane ɗan aji biyar zai iya maimaita wannan gwaji da tukwane biyu daga kasuwa.

Hanyar ci gaba ma a buɗe take. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara aiki a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, tana nan kusa da Gaya da Ajingi. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko daga ƙasar Rasha a 2003, sa'an nan a 2011 aka harba wani wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu. Waɗanda za su gaje su suna zaune a azuzuwan firamare yanzu haka, maza da mata, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da shugabannin makarantu, da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su kula da abubuwa uku waɗanda ba sa cin kuɗi. A fara darasin duniyoyi da sunayen da yaro ya ji a gida, Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, kafin a kai shi ga na littafi, a kuma ba shi aikin gida na kallon sama da zana abin da ya gani. A riƙa kai yara maƙera da wurin magina da masu gyaran babur, su yi tambaya su ga yadda ake aiki. A kuma sanya sunan Bah Abba da Abagayawa a allo ɗaya da Faraday da Edison. Manufar ilmi ta ƙasa da ma ta amince da koyar da ƙananan yara abin da ke kewaye da su, kuma gani ya kori ji.

Allah ya ba malamanmu ikon sauke wannan nauyi, ya kuma albarkaci 'ya'yanmu da ilmi mai amfani, amin.