Makarantar gwamnati a hannun ƙungiya: kiwo aka ba da ko kyauta?

Duk wanda ya saba cin kasuwar shanu ta Adumri a gundumar Bibemi ya san cewa mai garke ba lalle ne shi ke bin sa daji ba. Yakan ba makiyayi amana, amma kuma yakan je ya ƙirga dabbobinsa da idonsa. Wannan misali ya dace da tambayar da iyaye ke yi game da makarantun gwamnati, musamman na kwana: tunda hukuma ta kasa riƙe su yadda ya kamata, me zai hana a miƙa su ga ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba?

A nan Kamaru, tun shekarar 2000 Shugaba Paul Biya ya bayyana cewa karatun firamare kyauta ne. Sai dai a ƙauyuka da dama na yankin Binuwai, ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ita ke tara kuɗi ta biya malaman da gwamnati ba ta ɗauka ba, ta sayi alli, ta gyara rufin aji. Daga 2010 aka ɗora wa ofishin magajin gari alhakin raba kayan fara karatu, amma sau da yawa sai an yi nisa da komawa makaranta kafin su iso. Ita ma hukumar abinci ta duniya, PAM, ta daɗe tana ciyar da yara a wasu makarantun arewa. Ke nan wani ɓangare na aikin ya riga ya bar hannun gwamnati.

Wasu ƙasashe sun gwada miƙa makarantun a hukumance. A Najeriya, a 2006, ministar ilimi Obiageli Ezekwesili ta fito da shirin ba masu zaman kansu ragamar makarantun sakandare 102 na gwamnatin tarayya, waɗanda akasarinsu na kwana ne. Ma'aikata da iyaye suka yi ca, suna tsoron kada kuɗin makaranta ya fi ƙarfin talaka, har gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta jingine batun.

Laberiya kuwa ta aiwatar. A 2016 ta miƙa makarantun firamare 93 ga masu gudanarwa takwas, cikinsu har da ƙungiyar BRAC ta Bangaladash da Street Child ta Ingila, tare da wasu kamfanoni. Bincike ya nuna cewa malamai sun ƙara zuwa aiki, yara kuma sun ƙara iya karatu. Amma ya kuma gano cewa inda aka ƙayyade yawan yara a aji, an sallami ɗalibai masu yawa, sannan kuɗin da wasu masu gudanarwar suka kashe ya ninka abin da gwamnati za ta iya ɗauka ita kaɗai.

Ga ɗan kasuwar da ke kwana kan hanya tsakanin Garwa da Cadi ko Mubi, ya bar yara a hannun makaranta, darasin a fili yake. Kafin a sa hannu, a ga yarjejeniya a rubuce: shekara nawa ƙungiyar za ta yi, wa zai biya malamai ranar da tallafinta ya ƙare, nawa uba zai biya, kuma gun wa za a kai ƙara idan an ci zarafin yaro ko an kore shi. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Dokar 2001 ta tanadi majalisar makaranta wadda iyaye ke da wakilai a ciki. Wanda bai taɓa halartar taron APEE ba saboda ranar kasuwa, ya tura ƙane ko mai ɗakinsa, a ji lissafin kuɗin da aka tara. Allah Ya raya mana zuri'a.