Koyar da Kalmomin Yanayi: Abin Lura Daga Hausa da Malayalam

A ƙasar Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, kuskuren sunan ruwa hasarar iri ne. Ruwan da ya kwantar da ƙura a ƙarshen bazara dabam yake da ruwan shuka, wanda in an tona ƙasa za a iske laima ta yi nisa. Wanda ya shuka gero a kan na farko, sau da yawa sai ya sake shuka. Don haka manomi bai san yayyafi, ko marka, ko agazari da sunansu kaɗai ba. Kowanne ya san shi tare da aikin da ya zo da shi.

Ƙamus ba ya iya nuna wannan, ko da na Bargery ne na 1934, gama shi bin haruffa yake yi, ba bin shekara ba.

Akwai misali mai kama da wannan a Malayalam, watau harshen mutanen Kerala a kudancin Indiya. Su damina biyu gare su. Ta farko, wadda ke faɗuwa wajen farkon Yuni, suna kiranta edavappathi, ma'ana tsakiyar watan Edavam. Ta biyu, ta Oktoba da Nuwamba, ita ce thulavarsham, ruwan watan Thulam. Baƙon da ya haddace mazha, watau ruwan sama, bai san komai ba tukuna sai ya san watanninsu. Har wa yau sun kasa shekara kashi 27 bisa taurari, kowane kashi wajen kwana 13 ko 14, ana ce masa njattuvela, da shi suke lissafin shuka.

Malaman ƙasar Hausa ma haka suke yi, sai dai taurarinsu 28 ne, da sunayen Larabci, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14.

Abin da ya kamata malamin makaranta ya ɗauka a nan shi ne tsari. Kada a ba yara jerin kalmomi su haddace. A bi da su shekara yadda take tafiya, daga rani zuwa bazara, damina, kaka, har ɗari, kowace kalma a haɗa ta da aikinta: ɓinne kafin ruwa, noman fari, maimai, girbi. In kuwa lokacin ya zo, a fita da su bakin gona su tambayi masu ita.