Tsintsiyar 2015 da Lemar 2023: Me Ya Bambanta Su?

Tun da aka bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa na 2023, akwai wani lissafi da ya ƙi fita daga bakin masu muhawarar siyasa, a teburin mai shayi ne ko a shirye-shiryen rediyo. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726. Atiku Abubakar ya samu 6,984,520, Peter Obi ya samu 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma 1,496,687. In ka tara na mutum ukun nan za ka ga sun haura miliyan 14 da rabi, kuma dukkansu a inuwar lemar PDP suke a zaɓen 2019. Sai mai magana ya buga tebur ya ce ai da ba su rabu ba da tuni an wuce wurin. Daga nan sai a kawo misalin 2015, lokacin da 'yan adawa suka dunƙule suka kayar da shugaba mai ci a karon farko a tarihin Najeriya.

Kwatancin yana da kyau, amma yadda ake yin sa ne bai gamsar da ni ba. Ana ɗaukar haɗaka tamkar lissafin ɗan firamare, a tara wannan da wancan a samu jimilla. Abin da ya faru a shekarun biyu ya fi haka zurfi, kuma duk jam'iyyar da ke son ta san makomarta gara ta duba shi da idon basira.

Mu fara da yadda aka ɗaure tsintsiyar. Marigayi Muhammadu Buhari ya tsaya takara sau uku yana faɗuwa, 2003 da 2007 a ANPP, 2011 kuma a CPC. A 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12, ya lashe jihohi 12, dukkansu a Arewa. Tsarin mulki kuwa bai yarda da rinjaye kaɗai ba, sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Wato ko nawa Kano da Katsina da Bauchi za su zuba masa, ba zai shiga fadar Aso Rock ba sai da wata ƙofa a Kudu. Tinubu da jam'iyyarsa ta ACN su ma matsalarsu ke nan ta ɗaya gefen: suna da gwamnoni a ƙasar Yarabawa, amma Nuhu Ribadu da suka tsayar a 2011 jihar Osun kaɗai ya ci. An yi ƙoƙarin ƙulla ƙawance tsakanin CPC da ACN ana saura 'yan kwanaki zaɓen na 2011, abin ya wargaje, don an bari sai da kowa ya riga ya buga fasta da hotonsa.

Wannan darasin ne suka riƙe. A watan Fabrairun 2013, shekara biyu cif kafin zaɓe, aka shelanta APC, hukumar INEC ta yi mata rajista a ƙarshen Yuli. ACN da CPC da ANPP kowacce ta haƙura da sunanta da tutarta, wani ɓangare na APGA ya biyo Rochas Okorocha. Babu wanda aka ba tikiti a lokacin. Gida aka fara ginawa, maganar wanda zai zauna a turaka aka bari sai daga baya. Saboda ƙofar a buɗe take ne manyan PDP suka ga akwai wurin shiga. A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka sauya sheƙa: Kwankwaso na Kano, Aliyu Wamakko na Sakkwato, Murtala Nyako na Adamawa, Abdulfatah Ahmed na Kwara da Rotimi Amaechi na Ribas. Atiku ya biyo baya a farkon 2014, Aminu Waziri Tambuwal kuma, yana kakakin Majalisar Wakilai, ya shigo a watan Oktoba.

Sai ranar gwaji ta zo. A filin wasa na Teslim Balogun da ke Legas, a Disamban 2014, wakilai suka kwana suna jefa ƙuri'a, gari ya waye ana ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamarori, ana kiran suna da babbar murya. Buhari ya samu 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954, Okorocha 624, marigayi Sam Nda-Isaiah 10. Abin lura a nan shi ne abin da waɗanda suka faɗi suka yi washegari. Ba wanda ya tattara komatsansa. Atiku ya taya murna ya zauna. Kwankwaso ya koma gida ya nemi kujerar sanatan Kano ta Tsakiya, jar hula ta cika filayen kamfen, Kano ta ba Buhari ƙuri'a 1,903,999. An kuma yi rabo ta yadda kowane yanki zai ga nasa a gaba: ɗan takara daga Arewa maso Yamma, mataimaki Farfesa Yemi Osinbajo, fasto daga Kudu maso Yamma, shugaban jam'iyya John Odigie-Oyegun daga Edo, babban daraktan yaƙin neman zaɓe Amaechi daga Ribas. Ranar 28 ga Maris 2015 Buhari ya samu 15,424,921, Goodluck Jonathan 12,853,162.

Yanzu a dubi PDP ta 2022. A takarda, damarta ta fi ta APC ta 2014 ma. Buhari zai sauka, ba shugaba mai ci da za a kara da shi. Jama'a sun jigata da 'yan bindiga da garkuwa da mutane da tsadar abinci, jami'o'i sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin ASUU. Ana gab da zaɓe kuma aka zo da canjin kuɗi, mutum na da kuɗinsa a banki amma sai ya yi sammako ya bi layi, ko ya biya mai POS lada mai tsoka kafin ya ga 'yan dubban da zai yi cefane. Jam'iyyar adawa ba ta fatan samun yanayin da ya fi wannan.

Amma sai PDP ta bi hanyar da ta saɓa wa ta APC ƙafa da ƙafa. Can mutane shigowa suke yi kafin zaɓen fitar da gwani, nan kuwa fita suke yi. Kwankwaso ya tafi NNPP a watan Maris. Obi, wanda shi ne mataimakin Atiku a 2019, ya fice ana saura kwanaki kaɗan a yi taron, ya koma jam'iyyar Labour. Gwamnonin Kudu sun riga sun yi matsaya tun 2021 cewa bayan shekara takwas na Buhari mulki ya koma yankinsu, PDP kuwa, wadda ita ce ta shigar da karɓa-karɓa cikin kundinta, sai ta ce kowa ya fito a fafata.

Daren 28 ga Mayun 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, 'yan takara sun gama jawabansu, ana shirin fara jefa ƙuri'a, sai Tambuwal ya sake karɓar makirufo ya ce ya janye, ya roƙi wakilansa su zaɓi Atiku. Wuri ya kaure da sowa. Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. A siyasance dabara ce mai kyau, kuma ba laifi ba ne ɗan takara ya janye wa wani. Sai dai ga Wike da mutanensa abin ya zama kamar Arewa ce ta haɗa masa kai a minti na ƙarshe. Maimakon a lallashe shi, sai aka ji shugaban jam'iyya Iyorchia Ayu, wanda ya kamata ya tsaya a tsakiya, yana jinjina wa Tambuwal a matsayin gwarzon taron. Aka zo ɗaukar mataimaki, Atiku ya tsallake Wike ya ɗauki Ifeanyi Okowa na Delta. Ɓangaren Wike ya ce to Ayu ya sauka a ba ɗan Kudu shugabancin jam'iyya, tunda ɗan takara da shugaban duk daga Arewa suke. Ayu ya ƙi, Atiku bai matsa masa ba.

A ganina nan ne aka zubar da zaɓen, tun watanni kafin a buɗe rumfa ko ɗaya. Ba ina wanke Wike ba ne. Mutumin da ya tsaya a gaban jama'a ya ce zai mara wa duk wanda ya ci baya, sannan ya dawo yana yi wa jam'iyyarsa zagon ƙasa har ya ƙare da karɓar kujerar ministan Abuja a gwamnatin APC, ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin amana. Amma wanda ya ci tikiti shi ke da buƙata, shi ya kamata ya sunkuya. Kujerar shugaban jam'iyya ba ta kai a yi asarar gwamnoni biyar a kanta ba. Gwamnonin Ribas da Oyo da Binuwai da Abiya da Inugu suka ja tunga, kuma a cikin jihohin nan biyar Atiku bai ci ko ɗaya ba. Ribas da ta ba shi sama da dubu 470 a 2019, a 2023 abin da aka sanar masa bai kai dubu 90 ba.

Wani abin da masu lemar ba sa son a tuna musu shi ne, APC ma ta shiga irin wannan siratsi a daidai wannan lokacin, ta kuma tsallake. An yi yunƙurin tsayar da Ahmad Lawan a matsayin ɗan takarar maslaha, gwamnonin APC na Arewa suka ce a'a, mulki ya koma Kudu. Tinubu ya ci zaɓen fitar da gwani da 1,271, Amaechi 316, Osinbajo 235. Akwai ɓacin rai, tikitin Musulmi da Musulmi ya kori wasu, amma babu gwamnan da ya ja zuga ya fita.

To, da mutum ukun sun zauna tare, da sun ci? Nan ne nake rabuwa da masu buga tebur. A 2019 ai suna tare, kuma abin da PDP ta samu 11,262,978 ne. A Kano, Kwankwaso na cikin jam'iyyar, Atiku bai kai ƙuri'a dubu 400 ba. Da Kwankwaso ya tsaya da kansa a 2023 sai ga 997,279. Ƙuri'ar Kwankwasiyya ta Madugu Kwankwaso ce, ba a ɗaukar ta a buhu a kai wa wani. Haka matasan da suka sa Obi ya kayar da Tinubu a Legas, da yawansu ba 'yan PDP ba ne, sun fito ne don sun gaji da manyan jam'iyyun biyu, kuma da sunan Atiku ne a saman takarda wasunsu da gida za su zauna. Ta ɗaya ɓangaren, ba kowane mai zaɓen Atiku a Katsina ko Yobe zai dangwala wa Obi ba. Tazarar da ke tsakanin Tinubu da Atiku ta kai miliyan 1.8, ko an ba Atiku duk ƙuri'un Kwankwaso ba su cike ta ba. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, da an riƙe Kudu maso Gabas, wadda duk jihohinta biyar suka zaɓi PDP a 2019, aka kuma riƙe Ribas, da wuya APC ta sha da kashi 37 cikin ɗari.

Ita ma nasarar 2015 ba tarawa kaɗai ta kawo ta ba. In ka haɗa abin da Buhari da Ribadu da Ibrahim Shekarau na ANPP suka samu a 2011, za ka ga ya ɗan haura miliyan 15, kusan daidai da abin da APC ta samu bayan shekara huɗu. Wanda ya zube shi ne Jonathan, daga miliyan 22 zuwa ƙasa da 13. Gwamnonin da suke kawo masa ƙuri'a sun koma ɗaya gefen, sace 'yan matan Chibok ya zubar da kimar gwamnati, na'urar tantance katin zaɓe da Farfesa Attahiru Jega ya dage a kanta ta rage aringizo. Ga kuma abin da PDP ta 2023 ba ta da shi: mutum guda mai miliyoyin ƙuri'u na ƙashin kansa, waɗanda ba sa neman ko sisi, wanda sauran 'yan takara suka san ko sun so ko sun ƙi shi ne ya fi kowa jama'a. Wannan ya sauƙaƙa wa Atiku da Kwankwaso haƙuri a Legas. A 2023 mutum uku ne kowa na ganin shi ne Buharin, shi ya sa tattaunawar Labour da NNPP ta mutu a kan wa zai yi wa wani mataimaki.

Akwai kuma abin da bai kamata a rufe ido a kansa ba don ana yabon haɗakar APC. An haɗu ne a kan a kayar da Jonathan, ba a zauna an yi yarjejeniya a kan yadda za a riƙe ƙasa ba. Kwana goma sha ɗaya da rantsar da Buhari, Saraki ya zama shugaban Majalisar Dattawa ba da son jam'iyyarsa ba. Aka yi wata kusan shida babu ministoci. Atiku ya fita a ƙarshen 2017, a 2018 Saraki da Tambuwal da Kwankwaso suka bi shi. Talakan da ya raka akwati, ya kwana a rumfa yana kiran "sak", bai samu tsaron da aka yi masa alkawari ba, a Zamfara da Katsina ma abin ƙaruwa ya yi. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa a 2023 kashi 27 cikin ɗari kacal na masu rajista suka fito, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999.

A Yulin 2025 wasu manyan 'yan adawa sun rungumi jam'iyyar ADC, David Mark na shugabanta, suna cewa za su maimaita 2013. Sun fara da wuri, wannan kam sun kwaikwaya. Abin da zan sa wa ido shi ne ko za su yarda a kan yankin da zai fitar da ɗan takara tun kafin a fara sayar da fom, da kuma ko wanda ya zo na biyu a zaɓen fitar da gwani zai hau mumbari tare da wanda ya kayar da shi a mako na gaba.