Ungulu Ba Ta Jewar Banza

Da hantsi, idan ƙasa ta ɗau zafi, ungulu kan hau iskar da ke tasowa daga ƙasa, ta baje fukafukai tana shawagi ba tare da ta kaɗa su ba. Shi ya sa ba a cika ganinta a sama da sassafe ba. Daga can take hangen abin da ya faɗi, idonta ɗaya kuma yana kan 'yan'uwanta, da zarar wata ta yi ƙasa sauran su rufa mata baya. Magabata sun lura da wannan har suka ce ungulu ba ta jewar banza. A kusa kuwa, halittarta duk ta aikinta ce. Fuska da gaban wuya babu gashi, jini bai samun wurin maƙalewa. Fatar wurin fara-fara ce, amma takan rine ja wur idan ana rububin nama. Bakin siriri ne dogo, yana kutsawa tsakanin ƙasusuwa ya tsamo abin da wuƙar mahauci ta bari. A garuruwa da yawa yau sai yaro ya girma a bakin kwata bai taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma a ganina ƙyamar da muke yi mata ce ta sa muka zuba ido ana ƙarar da ita.

Ungulu ba kaza ba ce. Ƙwai ɗaya tak take sakawa, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan kuma sai ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi. Tsuntsuwar da ke haihuwa haka ba ta jure farauta, ga shi ana farautarta. Kanta, ƙafafunta da ƙwanta suna da kuɗi a rumfunan masu magani, saboda imanin cewa mai hangen nesa irin nata za ta buɗe wa mutum ido ko ta kawo sa'a. Mafarauci kan barbaɗa wa mushe maganin ƙwari, a zama ɗaya ya kwashe garke guda. A Gini Bisau, cikin 2020, an kashe fiye da 2,000 da guba, da yawa an tsince su babu kawuna. Sannan ga gatari. Muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya, domin gaskiya ne takan koma sheƙarta ta bara, a kan tsamiya ko rimi ko kuka ko giginya. Idan ta dawo ta tarar itacen ya zama gawayi fa? Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun da muka saba gani a cikin gari a sahun halittun da ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce to sai me, ai ƙazama ce, mai cin mushe, rashinta ma tsafta ne. Wannan magana ta juya lamarin a kife. Ungulu ba ta kawo mushe, kwashe shi take yi, kuma ruwan cikinta yana da ƙarfin da yake kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ta haɗiya. Idan babu ita, jakin da ya mutu a bayan gari zai yi kwanaki yana ɗoyi, karnuka da ɓeraye da ƙudaje su gaje shi, su kuwa har tsakar gida suke shigowa. Indiya ta ga haka. Daga shekarun 1990 wani maganin dabbobi, diclofenac, ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci naman shanun da aka yi wa allurarsa, har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu irinsu suka shuɗe. Karnukan titi suka yawaita a ƙasar da dama take fama da ciwon haukan kare. Sai a 2006 aka hana bai wa dabbobi maganin, bayan aikin gama ya gama.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na mai cewa tsaftar gari aikin hukuma ne, bai kamata a jingina shi ga tsuntsu ba. Na yarda, kwata mai magudanar ruwa da ramin binne ƙazanta ta fi wadda babu. Amma wace mota ce za ta bi burtali da ruga da fadama tana ɗauke kowace tunkiya da ta faɗi da rani? Shi kuwa mai rumfa da zai ce abincinsa kenan, sana'ar da ke cinye jarinta ba ta daɗewa, kuma cikin masu maganin gargajiya akwai waɗanda suka riga suka koma ga saiwa da ganye.

Abin da ungulu ke bukata a wurinmu bai kai hatsin da ake watsa wa tattabaru ba. Sarkin pawa ya hana yara harbinta da danƙo, ya hana baƙo ɗana mata tarko a kwata. Makiyayin da kura ko kare ya yi wa ɓarna kada ya rama da guba a jikin mushe. Mai unguwa kuma, idan aka zo neman izinin sare tsohuwar tsamiya, ya fara ɗaga kai ya duba ko akwai tarin ƙirare a tsakanin manyan rassanta.