Asalin "Ne" Da "Zama": Aikin Da Ke Jiran Harsunan Kudancin Kaduna

A kowane harshe akwai 'yan ƙananan kalmomi da baki ke furtawa sau ɗari a yini ba tare da mai magana ya lura ba. A Hausa su ne irin su "ne" da "ce" da "zama". Ma'aikacin da ya rubuta cewa wane ya zama darakta, ko wance ce sakatariya, ba ya tsayawa tambayar inda suka samo asali. Amma masana tarihin harsuna suna ji da su ƙwarai, domin ba kasafai ake aron su daga maƙwabta ba, kuma sukan riƙe tsofaffin siffofin da sauran kalmomi suka daɗe da yarwa.

Inda aka fi nisa a wannan bincike shi ne Turai, kuma harsunan Keltik misali ne mai kyau: Airish na ƙasar Ailan, da Welsh na Birtaniya, da Bireton na arewa maso yammacin Faransa. Uwar da ta haife su ba a taɓa rubuta ta ba. Duk da haka, ta hanyar kwatanta 'ya'yanta, masana sun gano cewa tana da saiwa biyu da suka haɗu suka yi aiki ɗaya: *es- mai nufin kasancewa, da *bu- mai nufin zama wani abu. (Tauraron da ake sa wa a gaba alama ce ta kalmar da aka sake ginawa, ba wadda aka gani a rubuce ba.) Ta farkon ita ta ba da "is" a Airish, 'yar'uwar "est" ta Latin da "ast" ta Farisanci. Ta biyun ta ba da "bod" a Welsh, dangin "be" ta Ingilishi. Sai Airish ya ƙara ta uku, "tá", don faɗin inda abu yake ko halin da yake ciki, kuma asalinta tsayuwa ne. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tunda shi ma "zama" ɗinsa na nufin zaunawa, na kuma nufin komawa wani abu. Su sun tsaya, mu mun zauna.

Abin lura shi ne hujjar da ta sa aikin ya yiwu. Johann Kaspar Zeuss, Bajamushen da ya aza harsashin fannin a 1853, ya dogara ne da 'yan bayanan da malaman Kirista na Ailan suka rubuta da harshensu a gefen littattafan Latin a ƙarni na 8 da na 9. Daga baya aka tono allunan darma a Chamalières a 1971 da Larzac a 1983, duk a Faransa, ɗauke da jimloli na harshen Gol da ya daɗe da mutuwa. Jimloli ne suka yi aikin, ba jerin sunayen abubuwa ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Kafanchan, mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, tana tsakiyar ɗaya daga cikin yankunan da harsuna suka fi cunkushewa a Najeriya. Fantswam na garin kansa, da Gworok na Kagoro, da Sholyio na Manchok, da Takad, duk masana na lissafa su a gungu ɗaya da Tyap na Zangon Kataf. Jju na Bajju a Zonkwa ɗan'uwansu ne na kusa, Hyam na mutanen Ham a Kwoi kuwa ya ɗan fi nisa. Dukkansu na cikin rukunin da ake kira harsunan Filato, reshen Binuwai-Kwango, wato ba dangin Hausa ba ne, wadda ke cikin harsunan Cadi. Irin wannan tarin 'yan'uwa a ƙaramin fili shi ne abin da mai kwatanta harsuna ke mafarkin samu. Tyap ma na da rarrabewa mai kama da ta Airish: "yet" don faɗin ko wane ne mutum, "shyia̱" don faɗin inda yake.

Sai dai babu tsoffin littattafan da za a duba gefensu. Rubutu mafi daɗewa da aka sani shi ne jerin kalmomin Hyam da Sigismund Koelle ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Firitawun, ya wallafa a 1854, shekara guda bayan littafin Zeuss. C. K. Meek ya ƙara wasu a 1931. Ludwig Gerhardt na Jami'ar Hambug ya yi ƙoƙarin sake gina tsofaffin siffofin wasu rassan Filato a 1983, Roger Blench kuma ya shafe shekaru yana tattara kalmomi a yankin. Aiki ne mai daraja, amma mafi yawansa jerin kalmomi ne, kuma kalma irin "yet" ba ta nuna halinta sai a cikin zance mai gudana: tatsuniya, shari'ar gona, jawabin biki. An fassara Sabon Alkawari zuwa Jju a 1982, zuwa Tyap a 2015, an kuma buɗe Wikipedia ta Tyap a 2022. Waɗannan jimloli ne, amma na fassara da na 'yan boko, ba maganar tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Cewa irin waɗannan kalmomi na sauyawa a idonmu, Hausa kanta shaida ce. A Sakkwato ana cewa "shi na" da "ita ta", inda Kano ke cewa "ne" da "ce", kuma daga wannan bambanci masana irin su Paul Newman suka danganta su da tsoffin alamomin namiji da mace na harsunan Cadi. A Hausar kasuwar Kafanchan kuwa "ce" ta kusa ɓacewa, "mace ne" ake ji. Kuma wannan Hausar, tare da Ingilishi, ita ce yara da yawa na yankin ke tashi da ita a maimakon harshen kakanninsu.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa a Nuwamban 2022, aka kuma janye ta a Nuwamban 2025. Ana iya jayayya kan wannan, amma adana harshe ba sai ya jira hukuncin aji ba, kuma ba ya cin kuɗi kamar buga littattafan karatu. Cibiyar Harsunan Najeriya ta Ƙasa tana Aba, Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi tana Sheda kusa da Abuja, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma tana dab da Kafanchan, cike da ɗaliban da waɗannan harsuna ne na gidajensu. Abin da ake bukata shi ne na'urar naɗar murya, da ɗalibin da aka koya wa rubuta abin da ya ji har da karin sauti, da ma'ajiyar da wata hukuma za ta ɗauki nauyinta a kasafin kuɗinta na shekara.