Ɗinkin Hula Bayan Aikin Gona

'Yan'uwa manoma, a yawon da nake yi ƙauye ƙauye ina duba gonakin ƙungiyoyinmu na gama kai, da wuya in sauka a gari ban tarar da wani a gindin itace da aikin hannu ba. Wani yana ɗinkin hula, wata tana saƙar faifai ko tabarmar kaba, wani kuwa yana sassaƙa ƙota. Ni ma ina cikinsu. Na koyi ɗinkin hula tun ina kwalejin horon malamai, a wurin wani abokina ɗan Borno da muke ɗaki ɗaya. Har wa yau ba a rasa ƙyalle da zare a jakar da nake ɗaurawa a bayan babur.

Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauka abu ne mai sauƙi. Da fari sai a kai farin ƙyalle wurin mai zane ya zana fasalin. Sa'an nan mai ɗinki ya bi zanen nan da zare, launi launi, har farin ya ɓace ƙaf. Gefen daban, kan hular daban, kana a haɗa su. Daga nan sai mai wankin hula ya wanke, ya sa sitati, ya ɗora ta a kan gungumen itace ya buga har ta tsaya. Ni dai hula mai kyau takan ci mini wata guda, in ina ba ta awa ɗaya ko biyu a rana. Daɗin abin kuwa ba ya faɗuwa. Mutum ya taso daga aiki da zafin rana, ya wanke jiki, ya zauna a inuwa, hannu yana tafiya, kunne yana sauraron rediyo, zane yana fitowa kaɗan kaɗan.

Sana'ar ba abin raini ba ce. Garin Bama a Jihar Borno ya yi suna da hula. Sa'ad da 'yan Boko Haram suka kama garin a watan Satumba na 2014, mutane suka gudu Maiduguri, suka bar gonaki da dabbobi. Allura kaɗai ta bi su, da ita kuwa waɗansu, mata da maza, suka riƙa samun na cefane a sansanin 'yan gudun hijira. Amma mu da gonakinmu ke hannunmu, gona ce uwa, allura tana bayanta. Ranar da na manta da wannan na sha wuya.

Wata shekara, ruwan shuka ya sauka ke nan, wani ɗan kasuwa ya ga hular da ke kaina, ya ce in yi masa shida cikin wata biyu, ya kuma ba ni kafin alƙalami. Kwaɗayi ya sa na karɓa, ban ko yi lissafi ba. Sai na shiga ɗinkin dare da fitila har zakara ya yi cara. Idanu suka yi ja, wuya ya sage, na je taron manoma ina gyangyaɗi. Mafi muni, masarata ta kai mako biyar ba a yi mata noman fari ba, alhali kuwa ni ne nake koya wa mutane cewa masara tana so a nome ta cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. Ciyawa ta shanye takin, masara ta yi ɗorawa. Gonar kuwa a bakin hanya take, duk wanda na yi wa faɗa a kan ciyawa ta nan yake wucewa. Ba wanda ya ce mini kome, shirun nan ma ya fi magana ciwo.

Hula huɗu na gama, na mayar da sauran kuɗin tare da ba da haƙuri. Abin da na samu bai kai masarar da na rasa ba. Sa'an nan na yi kusan shekara ko ganin allura ba na so. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji Hausawa, ni kuwa sai da haƙorina ya gaya mini.

To, ga yadda nake yi yanzu. Daga shuka har a gama maimai, allura tana cikin jaka. Bayan kaka, in amfani ya shiga rumbu, sai in fito da ita, in yi ta har ƙarshen rani. Da hasken rana kaɗai nake ɗinki, gama ido ba shi da na canji. Hula ɗaya nake riƙewa a hannu, ba na karɓar kuɗi kafin aiki, ba na kuwa sa wa kowa rana. In wani ya matsa, sai in ce masa, "Maigida, in ta ƙare zan kawo maka, in ta yi maka ka saya." Waɗansu sukan yi fushi su tafi. Ba laifi.

Maganar nan ta fi shafar mata. Mace mai saƙar faifai tana da gona, da daka, da ɗiban ruwa, da yara. In maigida ya ga faifai yana kawo kuɗi ya shiga ƙirga mata nawa za ta kai ran kasuwa, to, ya ƙwace mata ɗan hutun da take da shi.

Ƙungiya kuwa tana iya taimako ta wajen haɗa kuɗi a saro zare da ƙyalle gaba ɗaya, ko daga Kantin Kwari ta Kano ko daga babbar kasuwa mafi kusa, domin sari ya fi sayen ɗai ɗai araha. Amma in wani ya zo da kwangilar huluna masu yawa, shugabanni su fara tambayarsa watan da yake so a kawo. In ya faɗa cikin damina, a sallame shi da girma.

Wadda ke hannuna yanzu ta mahaifina ce. Na fara ta bayan mun gama yankan dawa, gefen ya ƙare, saura kan.