Yadda kalkuletar waya ke faɗa wa manomi yawan takin da gonarsa ta rasa

Duk buhun masarar da ya bar gona da kaka, yana tafiya ne da wani kaso na abincin ƙasar. Cikin abin da ke fita akwai sinadarin fosfaras, wanda ke ƙarfafa saiwa da cika ƙwaya. Ƙasar savanna ta Arewa dama ba ta da shi da yawa, shi ya sa ake ganin ganyen ƙaramar masara ya yi launin shunayya idan ya yi ƙaranci.

Matashin da ke taya mahaifinsa noma zai iya ƙiyasta wannan asara da kalkuletar wayarsa. Tan ɗaya na ƙwayar masara na fitar da kimanin kilo 6.5 na fosfat. Gonar da ta ba da buhu 30 masu kilo 100 ta ba da tan 3 ke nan, wato kusan kilo 20 sun fita.

Daga nan sai a duba jikin buhun taki. Lambar tsakiya a kamfa 15-15-15 ita ce ta fosfat, don haka buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 7.5. Idan aka raba 20 da 7.5, ana buƙatar kusan buhu 3. Kamfa 20-10-10 kilo 5 kawai ke cikinsa, sai buhu 4. Yuriya kuwa babu fosfat a cikinta ko kaɗan, duk yawan da aka zuba.

Waken suya ya fi masara ci, domin tan ɗaya nasa na fitar da kusan ninki biyu. Idan kuma an kwashe kara an kai wa dabbobi, asarar ta ƙaru.

Akwai manhajoji da ke faɗaɗa wannan lissafi. RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice na ba manoman shinkafa shawarar taki a wayar Android, taswirar iSDAsoil kuma na nuna yanayin ƙasar Afirka murabba'in mita 30 bayan 30.

Lissafin dai yana mayar da abin da girbi ya ɗauke ne kawai. Gonar da ta daɗe a gajiye na buƙatar fiye da haka, kuma gwajin ƙasa ne zai nuna yawan ƙarin kafin a kashe kuɗi a kasuwar taki.